Kawu Sha-ka-hau da Tulun Motarsa

Duk wanda ya taɓa hawa motar Kawu daga tashar Gwaram zuwa Birnin Kudu a cikin bazara ya san ba a shiga sai an sha ruwa. Tulu ne da shi a bayan kujerar direba, ya zaunar da shi cikin tsohuwar taya, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara. Sai ya tsaya a bakin ƙofa da moɗa, kowa ya zo ya miƙa masa. Daga nan aka sa masa Sha-ka-hau, har sunan yanka ya ɓace. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma ba don taurin kan nan nasa ba, da wataƙila cikina na fari bai zo duniya ba. Zan zo kan wannan.

Kawu ba ya jin nauyin kowa a kan maganar ruwa. Wata rana wani Alhaji mai fataucin shanu ya ture moɗar, ya ce shi ba ya jin ƙishi. Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce a gaban jama'a, “Alhaji, fitsarinka na safe wane launi ne? In ya yi kalar shayi, jikinka ya riga ka jin ƙishi.” Alhaji ya shanye moɗa biyu a tsaye, ba don ya yarda ba, sai don a rufe zancen.

Ƙanƙara kuwa abokiyar gabarsa ce. Cewa yake tana ruɗin maƙogwaro, mutum ya kurɓi kaɗan ya ɗauka ya ƙoshi. Da babban ɗansa ya aiko masa da firji daga Kano, muka yi ta murna za mu sha sanyi. Wuta ta yi kwana da kwanaki ba ta leƙo ba. Da na je gaishe shi na buɗe firjin, sai na tarar da hulunansa da takalman Sallah a jere. Ya ce ai yaron ya kyauta, tunda aka kawo akwatin nan ɓera bai sake taɓa masa hula ba.

Sannan in rana ta take, ba ya tuƙi. Gindin mangwaro yake samu ya kashe mota, ya jiƙa rawani ya ɗora a ka, sai an yi azahar iska ta ɗan juyo. Lokacin ba a daɗe da yanke mana Jigawa ba, kowa na rububin zuwa Dutse neman aikin gwamnati. Wani mai kwat ya yi ta duba agogo yana faɗa, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Kawu ya ce masa ya cire kwat ɗin tukuna su yi magana, don shi ba ya gardama da wanda ke dafa kansa da kansa.

To, ga tawa. A Maruta aka yi min aure, gidan Fulanin da suka zauna suka kama noma, Fulatancin ya tafi amma kunyar tana nan daram. Ina da ciki wata bakwai aka ce in je awo asibitin Birnin Kudu. Maigidana yana Kano, don haka surukina, Baba Alhaji, ya ce shi zai raka ni. Ku mata kun san abin da muke yi in za mu yi tafiya: daina shan ruwa muke tun jiya, don kada fitsari ya kama mu a hanya. Wace ce za ta buɗe baki a mota cike da maza ta ce direba ya tsaya? Balle ni mai cikin fari, ga suruki a kujerar gaba. Da Kawu ya miƙo min moɗa, na kai ta ƙarƙashin mayafi, na jiƙa leɓe, na tuttular da sauran a gefen taya.

Ba mu yi nisa ba na fara ganin duhu-duhu. Harshena ya bushe kamar tsumma, kaina na sarawa, zufar ma ta ɗauke. Can sai marata ta fara ɗaurewa tana saki. Tsoro ya kama ni sosai, don na san lokaci bai yi ba, amma ko tari ban yi ba. Ashe Kawu yana kallona ta madubi.

Sai kawai ya gangara gefen hanya kusa da wani kwari mai duhuwar kalgo, ya kashe mota, ya fita yana salati. Ya ce inji ya ɗau zafi, in ba a ba shi ruwa yanzu ba sai dai kowa ya kwana a nan. Aka ce ga tulu. Ya ce ruwan tulunsa na mutane ne. Ya zaro jarkoki, ya nuna wata rijiya can tsallaken titi bayan gonaki, ya ce duk namiji ya sauka. Baba Alhaji ya ce shi ai dattijo ne. Kawu ya ce dattijo ake so, shi masu rijiyar za su ji kunyarsa.

Da suka yi nisa, ya miƙa wa wata tsohuwa mai tallar daddawa moɗa, ya ce ta riƙa ba ni kaɗan-kaɗan, ta jiƙa min ɗankwali ta shafa min a wuya. Shi kuma ya juya mana baya, ya dafa motar, ya yi kamar da ita yake magana.

“Ke dai ba ki da wayo. Ba ke kaɗai ba ce, kin ɗauko wani. In kin ƙi sha don kanki, shi me ya yi miki? Ga kalgo can, ni kuma ba ni da ido a ƙeya.”

Na sha, na yi kuka, na ƙara sha. Ba ni kaɗai na nufi kalgon nan ba, duk matan motar sai da suka sauka, har da tsohuwar. Kafin mazan su dawo marata ta lafa.

Cikinsu akwai wani bakanike. Ya ajiye jarka yana haki, ya taɓa injin, ya ce, “Malam, wannan ai lafiyarsa ƙalau.” Kawu ya ce, “Da ka tafi ya huce. Kai ne ka daɗe.”

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta yi min faɗa sosai, ta ce rashin ruwa a irin wannan zafi yana iya tayar da naƙuda, in riƙa sha ko ban ji ƙishi ba. Tun daga ranar, duk bazara, motar Kawu ba ta wuce kwarin nan ba tare da ta ɗau zafi ba. Maza suka yi ta tsine mata, suna cewa akwala ce, wasu suka koma hawa wata. Direbobin tasha suka riƙa yi masa dariya. Kawu, mutumin da ke wanke injinsa kamar jariri, bai taɓa kare motar ba ko sau ɗaya. Mata kuwa sai su ƙi shiga kowace mota su zauna jiran tasa.

Da damina ta faɗi na haifi namiji. Ranar suna Baba Alhaji da kansa ya raɗa masa sunan Kawu. Da danginsa suka tambayi dalili, tunda ba a saba ɗauko suna daga wajen uwa ba, sai ya ce mutumin da ya sa shi ɗaukar jarka a tsakar rana saboda injin da ba ya jin ƙishi ya cancanci takwara. Ashe ya gane tun a ranar, bai dai taɓa nuna min ba.

Yau takwaran nasa ya zama magidanci, Kawu kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Yadda ya rufa mana asiri a bakin hanya, Allah Ya rufa masa nasa.