Lulluɓin da na yi wa na'urar ɗana

Ranar wata Alhamis da hantsi babban ɗana ya shigo gida da wani akwatin ƙarfe a Keke Napep, shi da direban suna nishi. Wai sunanta saba, uwar kwamfutoci, wata makaranta a unguwar Kongo ce ta saya ta ba shi ya haɗa. Shagonsa na Kwangila ba sola, ni kuwa ina da ita a nan Tudun Wada, shi ya sa falona ya zama wurin gwaji.

Ya buɗe cikinta, ya danna wannan, ya ɗaure wancan, ya kunna. Wayyo kunnena! Kamar injin markaɗe.

"Inna, kwana uku za ta yi tana aiki ba tsayawa," in ji shi. "Wahala nake ba ta da gangan. In akwai abin da zai mutu a cikinta, gara ya mutu a nan. Litinin da safe zan kai musu, in na saɓa kuwa sauran aikin makarantar wani za su ba."

"To ni da kunnena fa?"

"Ki yi haƙuri. Kar dai a kashe."

Kar a kashe ya ce. Abin da ya ce ke nan, Allah ne shaidata.

Washegari Juma'a matan unguwa za su biyo mini bayan sun fito daga gidan suna. Na dubi falo, ga abu tsirara bisa teburina, wayoyi sun zubo kamar hanjin rago. Ni a gidana talabijin da mayafinta, rediyo ma da nasa. Na ɗauko zanen gadona mai kauri, na lulluɓe ta tsaf, na cusa gefe da gefe. Ƙarar ta ragu. Can ta koma wani siririn kuka kamar na mai haki, na ji canjin sarai, amma matan sun riga sun iso, muna tsakiyar hira. Sai ɗif.

Wata maƙwabciyata har da cewa, "Alhamdulillahi, Hajiya, aljaninku ya yi barci."

Da ya dawo daga masallaci, tun daga zaure ya ji shirun. Ya yaye zanen, ya taɓa ƙarfen, ya janye hannu da sauri.

"Inna! Wa ya rufe ta?"

"Ni. Ban kashe ba ai."

"Ta nan take shan iska! Zafi ne ya sa ta kashe kanta."

"To ka ce mini tana numfashi? Kai ka yi boko, ni ina zan sani?"

Ya durƙusa ya duba cikinta. Ba ta ƙone ba, amma gwajin sai an faro daga farko, kwana uku kuwa sai Litinin da la'asar. Na ce ya kai musu haka nan mana, wa zai ƙirga awoyi? Ya ce shi zai ƙirga.

Ya buga wa shugaban makarantar waya, ina ji yana "Ranka ya daɗe" har sau huɗu. Suka karɓi na'urar ranar Talata, lafiyarta ƙalau. Aikin ja musu wayoyi a azuzuwa kuwa wani suka ba, daga Hanwa.