Agogon Cleophus Ya Buga Uku

Vernelle Tatum ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar tsoho ba sai an kira ta. Shekara sha ɗaya tana sayar da inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffin garinmu da ƙauyukan bakin kogin Yazoo, amma ko a harabar coci ta gamu da kai, sai dai ta tambayi gwiwarka da jikokinka ta wuce. In kana son zancen inshora, kai za ka neme ta. Ta aiko maka da takarda ka sa hannu, ka nuna abin da kake so a tattauna, sannan a jira kwana biyu cur kafin ta zauna a kujerarka. In a waya ne, da "ana naɗar muryarmu" take farawa, ko da kai ka goya ta. Haka doka ta ce, kuma murya in an naɗa, shekara goma ake ajiye ta.

Matan ƙungiyar mawaƙan coci sun laƙaba mata Sista Jibi. "Vernelle, in gidana ya kama da wuta, sai jibi za ki kawo ruwa?" Ita kuwa ta ce, "Sa hannu tukuna." Wadda ta yi shekara sha tara tana feɗe tarwada a masana'anta, hannu cikin ƙanƙara har yatsu biyu suka daina lanƙwasuwa, ba ta wasa da lasisin da ya fisshe ta daga can. Ta kuma san waɗanda aka kafa dokar dominsu: marasa kunyar nan masu kiran tsohuwa sau tara a yini da murya kamar zuma, su raba ta da likitanta kafin kofinta ya huce. Su ba wanda ya san fuskarsu. Ita da kowa ya san inda take ajiye mota, ita ke jiran kwana biyu.

Cikin mutanenta akwai Mama Ozella Pickens, mai shekara tamanin da biyu, wadda ake yi wa wankin ƙoda sau uku a mako a ƙaramin asibiti, mil shida daga gidanta. Mijinta Cleophus ya rasu a watan Afrilu. Ranar ta tsayar da agogon bango a kan sha ɗaya da minti ashirin, kamar yadda mutanen dauri suke yi, ba ta sake taɓa shi ba.

Ƙarshen Nuwamba ta kira Vernelle, wai wata wasiƙa ta zo mata mai maraba da ita. Aka sa hannu, aka jira kwana biyun, Vernelle ta je da rana tsaka. Labule a sauke, gidan na warin man zafi da ganyen da aka dafa jiya, hular Cleophus na rataye inda ya bar ta. Ta karanta wasiƙar a tsaye. Wani kamfanin inshora ne ya mai da Mama Ozella cikin tsarinsa daga Janairu, kuma asibitinta ba ya ciki. Mafi kusa da suka yarda da shi mil saba'in ne. Mil saba'in, sau uku a mako, ga matar da ba ta tuƙi!

"Mama, wa kika amsa wa a waya?"

"Ni? Da kunnen nan nawa? Cleophus ne ya yi magana da su."

Vernelle ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Mama, ni na rera waƙa a jana'izarsa."

"Kin kuwa ɓata baiti na biyu. Na kira su na ce ban san zancen ba, yarinyar da ta ɗauki wayar ta ce mijina ne ya amince a madadina, a watan Oktoba, suna da muryarsa. To shekara hamsin da tara bai taɓa zaɓa mini abin banza ba, in ban da wannan firij ɗin."

Gyaran ba wuya. Sa hannu ɗaya kafin bakwai ga Disamba, ta koma inda take. Bayan ranar ƙofa ta rufe. Amma tsohuwa ta naɗe hannu ta ce ba za ta warware abin da mijinta ya ƙulla ba. Doka kuwa ta hana Vernelle matsa mata. Kun ji fa, ɓarawo ya shiga ta taga, mai gida kuma an ce ya cire takalmi kafin ya bi shi.

Abin da ta iya shi ne ta sa Mama Ozella ta nemi a kunna mata muryar, tunda hakkinta ne. Mako guda ana wasa da hankalinsu, sai ran biyar ga wata aka yarda. Suka ɗora wayar a kan teburin kicin, tsakanin kwalaben magani, suka ƙara mata sauti.

Wani saurayi ya gaisa, ya faɗi ranar, ya nemi Ozella Pickens. Sai tari, irin busasshen tarin nan mai hawa biyu da duk cocinmu ya sani daga benci na huɗu.

"Zella ba ta ji sosai, ɗana. Ni nake magana a madadinta."

Muryar Cleophus ce, ba kama ba. Ya faɗi ranar haihuwar matarsa, ya ce e sau huɗu, kowace e daidai da 'yar'uwarta kamar an yanka su da wuƙa ɗaya. Can bayan muryar, agogo ya buga. Ɗaya. Biyu. Uku.

Su biyun suka juya suka dubi bango. Sha ɗaya da minti ashirin, ƙura ta kwanta a gilashin.

"Kin ji ko?" in ji Mama Ozella a hankali, fuskarta ta yi haske. "Yana gida."

Vernelle ba ta ce ƙarya ne ba. Ba ta ce akwai ɓarayin da ke sayen tsoffin muryoyi su ɗinka su da na'ura ba, ko da yake haka ta yi imani, haka ma duk mai hankali. Jakarta ta buɗe. Abin da ake mata dariya a kai shi ta ciro: wayarta, mai ɗauke da hirar da suka yi bara su uku har da Cleophus, wadda doka ta tilasta mata naɗewa.

"Mama, ni ma ina da shi. Kina so ki ji?"

Ta kunna. Muryarta ta fito tana cewa ana naɗa, Cleophus ya ce, "Naɗa mana, Sista Jibi, ko a rediyo ki sa." Ya yi tarin. Ya ce Zella ba ta ji sosai. Agogo ya buga uku, daidai kamar a muryar kamfanin. Sannan ya ci gaba da abin da ba ya cikin waccan: "Ki saurare ni, 'yar nan. Duk abin da za ki canza ki canza, amma kar ki raba ta da wurin wankin nan. Sun san jijiyarta. In ba na nan, mil shida ko maƙwabci ya kai ta."

Mama Ozella ta nuna wayoyin biyu a kan tebur.

"Wanne ne shi?"

"Doka ba ta ba ni ikon zaɓa miki ba, Mama."

"Ke da dokarki! Uwarki ma haka take, a tambaye ta gishiri ta kawo ayar littafi mai tsarki." Ta goge ido da bayan hannu. "Wancan bai tsokani kowa ba. Cleophus bai taɓa buɗe baki minti biyar bai tsokani mutum ba. Miƙo biron."

Ta sa hannu, harafi ɗaya bayan ɗaya, jijiyoyin hannunta duk tabon allura. Ta tambaya ko da gaske shekara goma ake ajiye murya. Vernelle ta ce da gaske ne. "To ya riga ni mutuwa, ga shi kuma muryarsa za ta daɗe bayana," in ji ta.

Vernelle na zuge jaka ta ce ko ta tayar mata da agogon, tunda ga kujera kusa.

"Bar shi a tsaye. In an sake kira na ji yana bugawa, na san ba daga gidan nan ba ne."

Tana bakin ƙofa wayar kicin ta fara ƙara. Ta dubi agogon hannunta, uku saura minti ɗaya. Mama Ozella ta ɗaga hannu, ta riƙe shi a sama, sannan ta mai da shi kan cinya ta danne da ɗayan. Vernelle ta tsaya riƙe da ƙofa har ƙarar ta ɗauke. Ran Litinin maƙwabci ya kai tsohuwar wanki, mil shida.