Baba Ya Ce Da Sauƙi

Da safiyar ranar rikicin ina suyar ƙosai a ƙofar gidanmu a Chikaji. Baba, mahaifina, yana kan benci yana shan koko. Ya haura saba'in, amma da ƙafarsa yake zuwa kasuwa.

Wajen ƙarfe tara muka ji ihu daga unguwar PZ. Sai fashewar gilasai. Sai warin taya. Kafin in sauke kasko masu tarzoma sun cika layinmu.

"Ku fito! Ku fito!"

Baba ya miƙe, ya ɗaga hannuwa. Dogo ne ya sauke masa gora a ƙeya. Dogo mai gyaran babur, wanda Baba ya nema wa rumfa. Na ga fuskarsa. Shi ma ya ga tawa.

Baba ya faɗi, ya tashi, ya mayar da hularsa. Muka bi lunguna zuwa Basawa. Da azahar muka shiga barikin sojoji. Ma'aikatan lafiya suna ware masu zubar jini. Ɗaya ya tsaya a kanmu.

"Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Haka dattijo ke amsawa ko yana bakin kabari. Na ce a duba ƙeyarsa. Baba ya ce, "Ke, yi shiru, ga masu ciwo can." Mutumin ya wuce.

Washegari muka koma Samaru, gidan Goggo, ƙanwar Baba. Na sa masa ido. Barci ya yi yawa. Sai amai. Sai jan ƙafar hagu. Goggo ta ce tsufa ne da firgita. Hankalina bai kwanta ba, na kai shi asibiti.

Aka ɗauki hoton kansa. Jini ne ya daɗe yana taruwa a ciki. Likita ta ce duk tsohon da ya bugu a ka, a duba shi ko babu rauni a waje, kada a tsaya ga amsar bakinsa. Aka yi aiki. Ya rayu.

Yanzu in babur ya yi ƙara sai Baba ya shige bayan ƙofa yana rawar jiki. An koya mini: kada in riƙe shi, kada in ɗaga murya, kada in sayo maganin barci a kemis. In zauna gabansa in faɗa masa inda yake. Duk mako ina kai shi wurin ma'aikacin lafiya mai kula da masu firgita. Rawar jikin tana raguwa.

Dogo yana nan yana buɗe rumfarsa. Ban yafe ba. A kowace salla ina roƙa masa tsawon rai. Ina roƙon ya tsufa, ya tsaya tsakar gidansa, ya rasa gane 'ya'yansa.

Gidanmu na Chikaji ya ƙone a ranar, an sake rufi. Ƙafar Baba ma ta soma takawa. Jiya na kai wa Baba ruwan alwala. Ya yi godiya sosai. Ya ce, "Baiwar Allah, ke 'yar gidan wa ce?"