Takalmin da Ya Ƙi Zama a Ƙafar Dokin Kawu

Shekaru masu dama da suka wuce, lokacin kawuna yana da rai, na yi damina guda ina fama da ƙafar doki, ni da ko akuya ban taɓa kiwo ba. Tela ne ni, shagona yana cikin birnin Zariya, kuma a hannun wannan kawu na tashi bayan rasuwar mahaifina. Bari in ba da labarin bi da bi, don ba na son a fara abu daga tsakiya.

Kawu yana da gona a bayan ganuwa, gaba da Tukur-Tukur. Tun ina yaro a kan doki yake zuwa, bai taɓa koyon keke ba balle babur. Da girma ya kama shi, gwiwoyinsa suka ƙi, sai dokin ya zama shi ne ƙafarsa. Wani kili ne mai sanyin hali, shi ma ya kwana biyu a duniya. Da hantsi za a ɗaura masa sirdi a ƙofar zaure, Kawu ya taka wani kututture ya hau, su tafi. A can sai ya kwance sirdin, ya sake shi ya yi kiwo a wata saura da ke jikin fadama, shi kuma ya zauna yana duba masu aiki har la'asar.

Matsalar ta fara ne da aka shimfiɗa kwalta a hanyarsu. Kofaton gaba ya rinƙa cinyewa yana tsagewa, har dokin ya fara ɗingishi. Likitan dabbobi ya ce a buga masa takalmin ƙarfe a ƙafafun gaba, ya haɗa mu da wani maƙeri da ke yi wa dawakin 'yan wasan folo aiki. Aka buga, rani ya wuce lafiya. Ruwa na sauka, fadama ta yi taɓo, sai takalmi ya fara fita. Maƙerin ya bayyana mana cewa ƙafar baya ce take taka bayan takalmin gaba kafin ta gaba ta ɗaga, sai ta fizge shi. Duk fizga kuma ƙusoshi sukan tafi da wani ɓangare na kofato. Da ya zo mayarwa a karo na gaba, ya daɗe yana juya ƙafar a hannunsa, sannan ya ce in aka ci gaba a haka, zai rasa inda zai kafa ƙusa.

Babban ɗan Kawu, wato taubashina, yana tsaye a wurin. Mai sayar da hatsi ne, kuma ya daɗe yana so a sayar da dokin. Ba mugunta ba ce. Tsoronsa shi ne wata rana dokin ya yi tuntuɓe a kan kwalta da tsohon a bayansa, ga motoci ga 'yan acaɓa. Ya ce zai rinƙa kai Kawu gona a babur duk ranar da ya samu sarari. Kowa ya san mai shago ba ya samun sarari. Kawu ya shafa wuyan dokin ya shige gida. Ganin haka ne ya sa na ce a ba ni zuwa ƙarshen damina in nemo mafita.

“To, tela ya koma likitan doki,” in ji taubashina. “Ka ɗinka masa wando ma mana, tun da ka fara.”

Na ce masa in na gama da doki zan zo in auna bakinsa.

Maƙerin ya faɗa mini akwai wata roba da 'yan folo ke sa wa dawakinsu, kamar an kifa ƙoƙo a wuyan ƙafa, ta sauko ta rufe kofato da bayan takalmin. In ƙafar baya ta kawo duka, robar take samu. Na ɗauki abin awona na auna kofaton dokin kamar zan yanka masa hula, na ba wani abokina da ke zuwa Kaduna saƙo.

Ta farko da ya kawo kyakkyawa ce, mai maɗauri irin na takalman yara, wanda ake mannawa, in an ɓare ya yi ƙara. Sawa ba wuya. Amma wanda ya ƙera ta bai san ƙarangiya ba. Ba a yi nisa ba maɗaurin ya cika da ita da laka, ya daina kamawa. Ɗaya muka tsinta a cikin ciyawa, ɗayar har yau tana fadamar.

Ta biyu dabarata ce, kuma ba na alfahari da ita. Na kai wadda ta rage wurin wani baduku na ce ya yi mini irinta da fata mai kauri, da maɗauri na zare. Ya yi aiki mai tsabta. Sai dai fata in ta sha raɓa da taɓo ta bushe a rana, ƙandarewa take yi. Bakinta ya gurje wa dokin wuyan ƙafa har ya yi ja. Kawu ya cire ta da kansa, ya shafa man shanu a wurin, bai ko dube ni ba. Taubashina kuwa sai da ya ba mutanen layinsu labari.

Daga nan na zauna na tsara abin da nake nema. Kada ta zama mai maɗauri, kada ta sha ruwa, kuma bakinta na sama ya zama mai laushi. Abokina ya sake komawa, ya samo wata baƙar roba mai kauri wadda ba ta da maɗauri ko tsaga ko kaɗan, sai dai a zura ta ta kofato. Maƙerin ya ƙara mini sharaɗi biyu: in doki ya tsaya, bayanta ya taɓa ƙasa, kuma yatsa ya iya shiga tsakaninta da fata. Ana jiƙa ta a ruwan zafi ta yi laushi, a juya cikinta waje, a ja ta da ƙarfi ta wuce kofato, sannan a kifo ta. Ranar da na fara sawa, robar ta suɓuce mini, na zauna daɓas a cikin kashin doki da farar rigata. Wannan ne karo na farko da na ji Kawu ya yi dariya tun da maganar sayarwa ta taso.

Na ɗauka an gama. Bayan ɗan lokaci sai ga robar duk ta yi zane a baya, ɗaya ta fara yagewa, takalmin hagu kuma yana motsi. Taubashina ya same ni a shago, wannan karon ba da wasa ba. Ya ce na yi ƙoƙari, amma shi ba zai jira sai an kawo masa ubansa a kwance ba. Gaskiya kuwa yake faɗa.

Washegari na rufe shago na bi Kawu gona. Duk wannan lokaci a ƙofar gida nake duba dokin, ban taɓa ganin yadda yake kiwo ba. Da Kawu ya kwance sirdi, sai ya sa mai aikinsa ya yi wa dokin dabaibayi, wato ya ɗaure ƙafafun gaba biyu da gajeriyar igiya, kamar yadda kowa ke yi wa dabba don kada ta shiga gonar mutane. Na zauna ina kallo. Da yake ƙafafun a haɗe suke, dokin ba ya iya taku, sai ya tattaro na baya ya yi tsalle. A cikin taɓo na gaba sukan makara, na baya kuma su sauka daidai a kansu. Haka yake wuni yana dukan kansa.

Na gaya wa Kawu. Ransa bai so ba. Ya ce haka mahaifinsa ya yi, haka shi ma ya yi duk rayuwarsa, kuma ga masarar maƙwabci nan a gefe, ba zai tsufa a kawo ƙararsa a kan ɓarna ba. Na ce da can dokin ba shi da ƙarfe a ƙafa, in ya taka kansa ba abin da zai fizge. Na ce a kafa turke a tsakiyar saurar inda ƙasa ta fi tauri, a ɗaure shi da doguwar igiya wadda ba za ta kai masarar ba, in ya cinye wurin a matsar da turken.

“Kai da ko jaki ba ka taɓa ɗaurewa ba, kai za ka koya mini?”

“Kawu, ba koya maka zan yi ba. So nake gobe ma ka zo gonarka.”

Ya daɗe yana kallon dokin yana wannan tsallen. Sannan ya kira mai aikin ya ce ya kwance igiyar, ya nemo icce mai ƙwari.

Na sake sayo irin baƙar robar, don ko ba dabaibayi, taɓo taɓo ne. Kullum da yamma in na taso daga shago sai in biya, in ɗaga robar in wanke lakar da ke ciki, in duba fata, in taɓa takalmi. A wannan tsarin na bi har kaka. Takalmi bai ƙara fita ba sai da maƙeri ya cire shi da kansa don ya gyara kofato. Taubashina bai taɓa cewa na yi daidai ba, amma shi ya rinƙa aiko da dusa, kuma ya roƙi Kawu ya rinƙa bin hanyar cikin unguwa maimakon bakin titi. Kawu ya yarda.

Ya ƙara wasu shekaru yana zuwa gonarsa. Wata safiya aka ɗaura sirdi, ya ɗora ƙafa a likkafa, ya gwada, ya sake gwadawa. Sai ya sauke ƙafar ya ce a kwance, ya isa haka. Daga baya ya ba wani amininsa na ƙauye dokin, inda babu kwalta.

Yanzu in na ga 'ya'ya suna shawara a kan abin da za su hana tsohonsu don lafiyarsa, ba na ganin laifinsu, don na san tsoron da ke cikinsu. Nakan dai ce su fara zuwa su zauna su ga yadda yake wuni. Abin da ke sanyaya mini rai har yau game da Kawu shi ne, ba wanda ya sauke shi daga kan dokinsa. Shi ya sauka, a ranar da ya ga dama.