Yankan da Likita Ya Ƙi Ɗinkewa

Autanmu tela ne. Shekara talatin da wani abu yana kan kujera ɗaya a shago ɗaya, har katakon ya lotsa daidai mazauninsa. Ni na goya shi, don haka na san halinsa tun bai san damansa da hagunsa ba: ba ya iya ganin abu a buɗe ya ƙyale. Yana yaro, ƙofa in ta ɗan sake sai ya tashi ya tura ta. Da ya girma ya kama allura, abin ya zama cuta. Kana yi masa magana idonsa na kan aljihunka da ya fara farkewa, ba zai ji ko kalma ɗaya ba sai ka tuɓe rigar ka miƙa masa.

Wani ƙullutu ne ya fito masa a ƙasan baya, daidai inda mutum yake zama. Ya ɓoye shi kusan shekara, yana zama a karkace yana ɗora wa kujera laifi. Sai da ya kasa taka keke matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya yanka, ya kwashe abin, ya kuma ƙi ɗinkewa. Ya ce irin wannan wurin in aka rufe shi ta sama, ƙazanta taruwa take a ciki, sai a sake komawa ɗakin tiyata. A bar shi nama ya ciko daga ƙasa. Kullum a wanke da ruwan gishirin asibiti, a cusa sabon bandeji cikin ramin, a rufe sama-sama. Wata biyu ko fiye, kuma ba zama, sai tsayuwa ko kwanciya rub da ciki.

Na tattara zannuwana na tare a gidan, don matar tasa hannu biyu gare ta, aikin kuwa na hannu huɗu ne. Ita nas ta koya wa wankin. Ni nawa tafasa ruwa, girki, da hana 'yan dubiya zama har su yi saiwa.

Satin farko ya sha wuya, rabinta kuwa shi ya jawo wa kansa. An ba shi ƙwayar rage zafi, an ce ya sha kafin wanki da rabin awa. Shi ya ce sai ya ji ciwon tukuna, don kada ya yi asarar magani. Sai a fara zaro bandejin ya cije matashi, gumi na tsatstsafo masa, sannan ya ce a ba shi ƙwayar, lokacin an riga an gama. Na ce masa wannan ai sayen takalmi ne bayan an iso gida. Daga ranar na ɗaure abin da tukunyata: in na ɗora ruwa ya haɗiye ƙwaya, in ruwan ya tafasa ya huce matarsa ta wanke hannu ta shiga. Nishin ya ragu, matashin ma ya huta.

A sati na uku na fara jin shiru ya yi yawa. Wankin da yake ɗaukar lokaci ya koma ɗan taƙi. Ledar bandeji tana nan a kan taga kamar ba a taɓa ta. Ina shara kuma na ga guntayen filasta a ƙarƙashin gado, sirara-sirara, tsawonsu ɗaya kamar an sa tef an auna. Matarsa ko albasa ba ta iya yankawa daidai. Na san hannun wanda ya riƙe wannan almakashin.

Na tsare ta a kicin. Ba ta ja ba, dama abin ya cika mata ciki. Ta ce ya sa ta riƙe masa madubi biyu ya ga wurin, ya yi tsaki ya ce wannan aiki ne da ba a ƙarasa ba. Shi ne ya yayyanka filasta, ya koya mata yadda za ta jawo bakin nan da bakin can ta haɗa su ta manne, ba cusa komai. Kwana shida ke nan. Fata ta haɗe ta sama, har yana cewa ranar Litinin zai koma keke. Na tambaye ta ko jikinsa da ɗumi. Ta sunkuyar da kai ta ce tun shekaranjiya, kuma wurin ya fara ɗan wari.

Na same shi kwance yana warware zaren wani tsohon wando don kada hannu ya zauna banza.

"Auta, tashi ka sa riga, asibiti za mu."

"Yaya, ai ya warke. Na fi likitan nan daɗewa ina haɗa baki biyu."

"Yadi ka taɓa gani ya yi mugunya?"

Ya ci gaba da jan zarensa. Na ce in ya fi so, ni kaɗai zan je, in tsaya a layin marasa lafiya in ba nas labari tun daga madubin, kuma ya san muryata ba ta da ƙasa-ƙasa. Ya tashi ya sa riga.

Nas ɗin ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona shi ke nan. Ta yi masa allurar kashe zafi, ta buɗe 'yar fatar da ya yi ta taƙama da ita. Ina bayan labule na ji warin. Ta ce da an ƙara sati guda, da wuƙa za a sake sa masa, ramin kuma ya ninka na farko. Ta ba shi maganin ƙwayoyin cuta, ta ce lissafin kwanaki ya koma farko. A hanyar gida yana tsaye a mota ya riƙe ƙarfe.

Bayan sati biyu aka yarda ya riƙa leƙa shago, amma a tsaye. Ya koma teburin yanka da allinsa da almakashinsa, abokin aikinsa yana taka keke, shi yana ta ƙorafin ɗinkin ya karkace. Ƙwayarsa kuwa shi da kansa yake tambaya ko an ɗora ruwa. Bandejin da ake cusawa ya yi ta raguwa, daga dunƙule ya koma kamar kan yatsa, har ranar da matarsa ta fito ta ce babu inda za ta cusa shi.

Sati goma sha ɗaya cif nas ta duba ta ce ya je ya zauna, amma ya riƙa miƙewa lokaci-lokaci. Ya zauna a kujerar asibitin a hankali, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya ce tabon dai ya yi faɗi, shi da nasa aikin ne ba zai bari ya fita shago haka ba. Matarsa tana naɗe katin asibiti ta ce duk duniya ita kaɗai take ganin wurin, kuma ba ta kai ƙara ba.