Hannun da Inna ta ɗaure

Bahaguwa aka haife ni. Ban san laifi ba ne sai ina shekara biyar, ranar da na miƙa wa wani abokin Baba kofin ruwa da hagu a zauren gidanmu na Fadikpe. Mutumin bai karɓa ba, sai kawai ya kalli Baba. Washegari Inna ta samo tsohon kallabi ta ɗaure min hannun a ƙugu, tun daga karin kumallo har la'asar. Haka aka yi ta yi wata da watanni. Ba duka, ba zagi. In na yi kuka sai ta ce, "Yi abinki, in kin gama tuwonki na nan." Ranar da ta daina ɗaurewa ina ci da dama, ina miƙa abu da dama, ina rubutu da dama. Rubutun dai kamar tonon kaza, amma ana karantawa.

Ita kanta Inna ba gwanar hannu ba ce, kowa a gidan ya sani. Ba ta iya kitso ba, ba ta iya saƙa ba, kuma da wuya ta yanka kuɓewa ba ta haɗa da yatsanta ba. Kullum akwai tsumma a ɗaya daga cikin yatsun hagunta. Baba, wanda ya gaji ƙirar gwangwani a bakin tashar jirgi daga mahaifinsa, in ya ga sabon tsumma yakan ce, "Yau ma an ƙara mana nama a miya?" Ita dai sai ta yi tsaki ta wuce.

Sau biyu na nemi makarantar koyon aikin jinya. Karon farko jarrabawar shiga ta kayar da ni. Na shekara a gida ina bitar littattafai, sannan na koma shagon kwamfuta a unguwar Shango aka sake cika min fom. Wannan karon na kai ga intabiyu. Mutum uku ne a bayan tebur, suka tambaye ni me ya sa nake son aikin. Na zuba musu abin da na haddace, taimakon al'umma da sauransu. Gaskiyar magana, wata nas ce a layinmu nake gani da fararen kaya, ban taɓa jin wani ya ɗaga mata murya ba, shi ne ya burge ni. Takarduna da hannu biyu na miƙa su.

Da sunana ya fito a allo, Inna ta soya masa ta raba wa maƙwabta. Daga ranar aka daina kiran sunana a unguwa. Ko ma'aunin zafin jiki ban taɓa riƙewa ba, amma tsofaffi na tare ni a hanya, "Nas, gwiwar nan fa?"

Shekarar farko ta wuce lami lafiya. Karatu bai ba ni wahala ba. Gyaran gado, awon jini, wanke miki, duk na iya, ko da yake ni ce ta ƙarshen gamawa kullum. A shekara ta biyu aka zo kan allura. Da lemo aka fara koya mana, sannan hannun roba mai jijiyoyi, sannan mutane. Lemo ba ya ƙorafi. Mutum kuwa, in za a sa masa allurar ƙarin ruwa, jijiya ɗaya ce siririya za ka nema, ka shiga a kwance, ka tsaya daidai inda ya kamata. Hannuna na dama bai san tsayawa ba. Ko ya wuce, ko ya kauce. Wata mata da na soka sau uku ta ce, "Ke 'yar nan, tsire kike yi?" 'Yan ajinmu suka ɗauka, na koma Mai Tsire har ƙarshen zango.

Jarrabawar aikin hannu ta zo, na soki mara lafiya sau biyu ban samu jijiya ba, mai jarrabawa ta karɓi allurar daga hannuna. Na faɗi. Dokar makarantar a fili take: ana maimaitawa sau ɗaya, wanda ya sake faɗuwa ya naɗe katifarsa. Aka ba ni mako shida. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda zan sauka daga keke mai ƙafa uku a bakin layinmu da katifa a ka, a gaban mutanen da suka ci masar Inna.

Matiron da ke kula da mu a ɗakin gwaji 'yar ƙabilar Gbagyi ce, daga gidan manoma a wajen Gidan Kwano, da ɗan gicciye a wuyanta. Hausarta kowa namiji ne. Ba ta da fara'a, ba ta kuma da mugunta. Ta yi kwana uku tana kallona ina sukar hannun roba. Rana ta huɗu ina tsaye, sai ta wurgo min naɗin filasta ba zato. Na cafe. Ta nuna hannun da ya cafe.

"Wannan ne hannunka. Wa ya hana ka?"

Na ce, "Innata, Ma."

"Innarka ne zai zo ya yi jarrabawa? Ɗauki allura."

Na ɗauka da hagu. Sau ɗaya ta shiga, jan ruwan da ke cikin robar ya biyo. Na sake, ta sake shiga. Ban yi murna ba, haushi ne ya turnuƙe ni. Shekara goma sha biyar ina yawo da hannu mai aiki a gefena, ina wahalar da wanda bai iya ba.

Sai dai roba ba ta da ido. Da na je ɗakin mata a asibiti, wata dattijuwa ta ga na ɗauko allura da hagu, ta janye hannunta ta cusa cikin mayafi. "A'uzubillahi! Da hannun tsarki za ki taɓa ni?" Na mayar da allurar dama, na soke ta sau biyu a banza. Daga nan abin ya zama haka: in ba kowa, hagu na aiki, in ana kallo, sai ya yi sanyi a ƙuguna, daidai inda kallabin yake zama.

Asabar ɗin ƙarshe kafin jarrabawar na je gida da leda cike da lemo. Da hantsi na zauna a tsakar gida ina ta suka da hagu. Ban ɓoye ba, neman magana nake yi. Inna ta fito daga kicin da kwanon kuɓewa, ta tsaya a kaina.

"Wane hannu ne wannan?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. Na ce, "Wanda kika ɗaure ne, Inna. Na dama ya kayar da ni. Ran Talata in na sake faɗuwa korata za su yi, sai ki sake soya masa ki gaya wa mutane dalili."

Na jira mari, bai zo ba. Ta ajiye kwanon, ta zauna a kan turmi, ta leƙa zaure ta tabbatar Baba ya fita. Sannan ta ɗauki lemo ɗaya a ledar, ta mayar da wuƙar kuɓewa hannunta na hagu, mai tsumma a yatsa, ta fara ferewa. Ɓawon ya riƙa saukowa siriri, zare ɗaya, bai tsinke ba har ƙarshe. Masu sayar da lemo a tasha ba su fi haka ba. Ta yanke kan lemon, ta miƙo min da dama.

Na ce, "Inna, ke ma?"

"Kakarki da igiyar akuya ta ɗaure min. Ke kin samu kallabi."

"To kin san zafinsa, me ya sa kika yi min?"

"Da na bar ki, wa zai karɓi kofinki?" Ta goge wuƙar a zaninta. "Saurara. In tsohuwa aka ba ki, ki gaishe ta da dama. Ki riƙe hannunta da dama, kar ki saki. Ki tambaye ta jikokinta nawa, waye babba, waye mai ƙiriniya. Mai lissafa jikoki ba ta kallon hannun kowa. Magani kuwa ko ruwa, da dama za ki miƙa, kar in ji kin miƙa da hagu."

Ta ɗauki kwanonta, ta mayar da wuƙar dama, ta ci gaba da yankan kuɓewa.

Ran Talata tsohuwa aka ba ni, mai jijiyoyi sirara da suka shige ciki. Mai jarrabawa na gefe da takarda, Matiron na bakin ƙofa ta harɗe hannu. Na durƙusa na gaishe ta, "Sannu Iya, ya jikin?" Na riƙe tafinta da dama, na tambayi jikoki. Tara ne. Tana kan na huɗu, wanda ya ƙi zuwa makarantar allo, jini ya biyo allurar. Na manna filasta, na buɗe ruwan. Ta kai na bakwai kafin ta waiwayo ta ce, "To yaushe za a yi allurar?" Mai jarrabawa ta yi rubutu. Matiron ta juya ta tafi abinta.

Na gama makarantar a kan lokaci, ban sake maimaita komai ba. Yanzu in jijiyar jariri ta gagara, ni ake aikowa a kira daga wani ɗakin. Wasu marasa lafiya suna lura da hannun, wasu su yi magana, yawanci ba sa yi. Magani har gobe da dama nake miƙawa.

Ni da Inna ba mu sake tayar da zancen ba, Baba kuma bai sani ba. Ban ƙara ganin wuƙa a hagunta ba. Na taɓa ce mata ai yanzu ba mai hana ta, ta ce in rufa mata asiri, da furfurarta. Har yau da dama take yanka kuɓewa, har yau tana haɗawa da yatsa. Na hana ta tsumma dai. In na je gida ranar hutu, sai ta miƙo min hagun ba tare da ta kalle ni ba, in wanke yankan, in ɗaure mata da bandeji.