Maƙoƙon Yaya Hajo

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Hajo a Gummi. Ita ce ɗiyar Inna ta fari, ni ce auta, a bayanta na yi wayo.

Mai ƙunshi ce, har daga Bukkuyum ake kawo mata amare. Sai dai jikinta bai bar ta ta huta ba. Al'adarta takan yi watanni ba ta zo ba, ƙiba na ƙaruwa ko ba ta ci ba, gashi ya tsiro mata a haɓa, ga maƙoƙo ya ɗago a wuya. Ko da bazara a lulluɓe take. Haihuwa kuwa shiru. Wuyan aka ce ruwan rijiya ne, marar aka ce iska ce, kowanne da jiƙonsa. Mijinta Malam Sani bai taɓa gajiya da nema mata magani ba.

Ita kuwa raha ta mai da abin. In tana tsige gashin sai ta ce, "Ke auta, Malam na da gemu, ni ina da gemu, mi ya rage gidanga?"

Bara ɗiyata Rabi ta fara irin haka, hankalina ya tashi, muka tafi asibiti Gusau. Likitar ta duba hoton mara, ta ce ƙwan mahaifa ne ke taruwa ƙanana ba ya nuna. Sai ta kai hannu wuyan yarinyar.

Na ce, "Likita, ai mara muka kawo."

Ta ce, "Hajiya, sau da yawa tare suke tafiya. In ƙwayar wuya mai kawo maƙoƙo ta yi sanyi, mara ma takan rikice. A auna jini."

Aka auna, aka samu ƙwayar wuyan ta yi sanyi. Yau Rabi na shan magani, al'adarta ta fara daidaita.

A motar dawowa na yi ta hawaye. Rashin sani ya fi dare duhu. Amma na san Yaya: da tana raye ba za ta tsaya kukan baya ba. Mayafi za ta yafa, ta tasa matan unguwa gaba har ƙofar likita, tana yi musu tsiya a hanya.

Ba ta bar ɗa ko ɗaya ba. Sai dai in magariba ta gabato a unguwarmu, wata uwa ta leƙo ta ƙwala kiran "Hajo!", yara mata da dama ne ke waiwayowa. Iyayensu ba danginmu ba ne, amma sunanta suka sa musu. Allah ya kai haske kabarinki, Yaya.